Ta yaya ake shata iyaka a tsakiyar teku inda babu gaɓa?

Ɗan Masunta, Yelwan Yauri

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi karatun labarin ƙasa. Ni ɗan masunta ne, a bakin Tafkin Kainji na buɗe ido, kuma tun ina ƙarami nake riƙe wa mahaifina filafili idan zai duba kalli da asuba. A wurinmu idan manya suka hana jefa taru a wani wuri ba a buƙatar takarda, sai dai a ce daga wancan dutse zuwa bakin wancan gulbi, kowa kuwa ya san dutsen, ya san gulbin, ya kuma san idon da zai gan shi idan ya saɓa.

Kwanakin baya na ji a rediyo cewa a Disambar 2022 ƙasashen duniya sun yi alkawari a Kanada za su killace kashi 30 cikin ɗari na tudu da na teku kafin shekarar 2030, sannan a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya a kan tsakiyar teku, wato ruwan da ba mallakin kowace ƙasa ba ne. Mai bayanin ya ce da taswira da tauraron ɗan'adam za a zaɓi wuraren da za a kare. Nan ne kaina ya ɗaure. Ruwan da jirgi zai yi kwanaki yana tafiya a cikinsa bai ga gaɓa ba, da me za a yi masa alama? Kifi ba ya zama wuri ɗaya, to me taswira za ta nuna? Kuma idan an zana layin, wa zai tsare shi? Ina roƙon wanda ya sani ya warware mini, domin ina so in iya yi wa mahaifina bayani da harshen da zai gamsu.

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da inda tsakiyar tekun take. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta kuma fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon cin arzikin ruwan da ke gabanta har zuwa mil 200 na teku, wato kimanin kilomita 370. Abin da ya wuce nan ba na kowa ba ne, kuma shi ne ya fi yawa, domin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya. Duk da wannan girma, abin da aka killace a cikinsa bai wuce kimanin kashi 1 cikin ɗari ba.

Iyaka a can ba dutse ba ce, lambobi ne. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambarsa ta arewa ko kudu da ta gabas ko yamma, kuma kowane babban jirgi yana ɗauke da na'urar GPS da ke gaya wa matuƙi inda yake, kamar yadda wayarka take nuna maka ko kana Yelwa ko ka kai Koko. Saboda haka shata layin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen sanin wurin da ya cancanci a shata, kuma don haka ne ake haɗa taswira hawa-hawa a cikin kwamfuta, ana ɗora wannan a kan wancan har sai hoton ya fito.

Hawa na farko shi ne ƙasan teku. Mutane da yawa suna zaton shimfiɗaɗɗen yashi ne, alhali akwai tsaunuka da kwazazzabai da suka fi na tudu girma. Wata Ba'amurkiya mai suna Marie Tharp da abokin aikinta Bruce Heezen su ne suka fitar da taswirar ƙasan arewacin Tekun Atilantika a 1957, sannan ta duniya baki ɗaya a 1977, suka nuna wa jama'a dogon jerin tsaunukan da ya ratsa tsakiyar Atilantika. Yadda ake awon kuwa da sauti ne. Jirgi yana aika ƙara zuwa ƙasa, ya saurari dawowarta, kuma da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwan teku, wurin da zurfinsa ya kai mita 3,700, wanda shi ne matsakaicin zurfin teku, ƙarar za ta yi kusan daƙiƙa biyar kafin ta dawo. Na'urorin yanzu suna aika ɗaruruwan irin wannan ƙara a lokaci guda, a baje kamar mafici, su auna faffaɗan fili a tafiya ɗaya. Amfanin wannan hawa a wajen kariya babba ne, domin idan igiyar ruwa ta bugi dutsen da ke ƙarƙashin teku takan taso da abinci daga ƙasa zuwa sama, ƙananan halittu su taru, manyan kifaye su biyo su. Na tabbata mahaifinka ya san irin wannan a Kainji, inda kifi yake taruwa a gindin dutse ko a kan tsohon tudun da ruwa ya shanye bayan an gama madatsar a 1968.

Hawa na biyu shi ne ruwan kansa. Tauraron ɗan'adam yana auna ɗumin saman teku, yana kuma duba launinsa, domin ruwan da ya yi kore-kore yana nuna yawan ƙananan tsirran da ido ba ya gani, waɗanda su ne tushen abincin duk abin da ke teku. Da yake tauraro ba ya ganin cikin ruwa, sai aka watsa wasu na'urori masu iyo, kimanin 4,000, a ƙarƙashin shirin Argo. Kowace tana nutsawa har mita 2,000, ta taso bayan kwana goma, ta aika da awon ɗumi da na gishiri, ta sake nutsawa. Hawa na uku halittun ne, inda ake liƙa wa kifin tuna da kunkurun teku da tsuntsaye ƙananan na'urori ana bin sawunsu. Na huɗu kuwa mutane ne, wato inda jiragen kamun kifi da na dakon kaya suke bi.

Idan an tara waɗannan duka sai a ba wata manhaja lissafi. Wadda ta fi shahara ita ce Marxan, da aka ƙirƙira a Ostireliya. Ana yanka tekun gida-gida kamar ramukan dara, a gaya wa manhajar adadin da ake so a kare na kowane irin muhalli, a kuma gaya mata asarar da masunta za su yi idan an rufe kowane gida, ita kuwa ta nemo tsarin da zai cika burin da mafi ƙarancin asara. An yi amfani da ita lokacin da Ostireliya ta sake tsara babban yankin murjani na gabashinta a 2004, inda wurin da aka hana kamun kifi ya tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33 cikin ɗari. Wannan a ruwan ƙasa ɗaya ne, amma dabarar ita ce ake so a kai tsakiyar teku.

Tsohon Jami'in Kamun Kifi, Argungu

Ɗana na Yauri, Allah ya yi maka albarka, tambayarka ta ƙarshe ita ce uwar tambayoyin. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ba ni da abin da zan gyara a ciki, amma ni da na ƙare ƙuruciyata a bakin ruwa ina so in ja hankalinku ga abin da taswira ba ta iya yi.

Ku dubi Matan Fada a nan Argungu. Abin da ya sa ake fitar da giwan ruwa mai girman mutum ranar gasa shi ne an hana su a wannan yanki sauran kwanakin shekara, kuma hanin yana tsayawa ne saboda akwai Sarkin Ruwa, akwai fada a bayansa, akwai kuma kunyar da mutum zai ji idan aka kama shi da homa a wurin da dare. Wannan biki da ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ba zai kai yau ba in da hanin na fatar baki ne kawai. Haka aka gani a tafkinku. A shekarun 1990 an yi wani shiri na haɗin gwiwa da Jamus, aka ƙirga masunta da jiragensu da kayan sunsu, aka nuna cewa dala, babban tarun nan mai ƙananan idanu da ake kama warangi da shi, yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su kai ko'ina ba, har aka kai ga hana shi. Ilimin ya samu, amma hanin ya yi tasiri ne gwargwadon yadda sarakunan ruwa suka tsaya a kansa. Na taɓa aiki a wani ofishi inda aka liƙa kyakkyawar taswira a bango, an shafa ja a duk inda kifi yake zuba ƙwai, amma muka yi wata uku jirgin sintiri yana ɗaure a gaɓa babu mai, muna ji muna gani ana kwashe wuraren da aka shafa wa jan. Har yau abin yana yi mini ciwo.

A tsakiyar teku matsalar ta ninka. Gaskiya ne manyan jirage suna ɗauke da na'urar AIS, wadda asalinta an yi ta ne don kada jirage su yi karo, tana sanar da sunan jirgi da inda yake da saurinsa. Daga wannan saƙo ne ƙungiyar sa ido a kan kamun kifi ta Global Fishing Watch, wadda aka buɗe a 2016, take gane jirgin da ke wucewa da wanda ke kamun kifi, domin mai kamu yakan rage gudu yana kai da komo. Wani nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa jiragen Sin da Sifen da Taiwan da Japan da Koriya ta Kudu su ne suke yin kashi 85 cikin ɗari na kamun da aka gani a tsakiyar teku. To amma mai son ɓarna yana iya kashe na'urarsa. Da aka gwada hotunan rada na tauraron ɗan'adam, waɗanda suke ganin ƙarfen jirgi ko da dare ko cikin gajimare, sai nazarin da ya fito a Janairun 2024 ya nuna kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi ba sa bayyana a tsarin bin sawu da jama'a ke iya gani. Kuma ko an ga jirgin, a tsakiyar teku ƙasar da yake ɗauke da tutarta ita ce mai hukunta shi, wasu kuwa da gangan suke yin rajista a ƙasar da ba ta sa ido.

Ban ce aikin banza ba ne. A Tekun Ross da ke ƙuryar kudancin duniya an amince a 2016 a killace murabba'in kilomita miliyan 1.55, wato fiye da girman Najeriya sau ɗaya da rabi, na tsawon shekara 35. Amma sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin kowace ƙasa a hukumar da ke kula da yankin ta yarda, alhali taswirar tana nan a shirye tun farko.

Ɗalibar Ilimin Taswira, Gusau

Ina gaida Baba na Argungu da Malam, kuma ina neman izini in ƙara abu biyu daga ɗan abin da ake koya mana.

Na farko ya shafi maganar Yaya cewa kifi ba ya zama wuri ɗaya. Masana sun yarda da wannan, shi ya sa ake gwada iyaka mai motsi. A Hawai an lura cewa wani nau'in kunkurun teku yana yawan bin ruwan da ɗuminsa yake tsakanin digiri 17.5 da 18.5, kuma a nan ne ƙugiyoyin masu dogon mamari suka fi kama shi ba da niyya ba. Wannan zirin ruwa yana matsawa arewa ko kudu gwargwadon yanayi, saboda haka hukumar kula da teku ta Amurka take fitar da sabuwar taswira daga awon tauraron ɗan'adam tana nuna wa masunta inda za su kauce. Akwai ma teku guda da ba shi da gaɓa ko kaɗan, wato Tekun Sargaso a Atilantika, wanda igiyoyin ruwa huɗu ne suka kewaye shi suka zama iyakarsa, kuma can ne wani kifi mai siffar maciji yake zuwa daga kogunan Turai da Amurka ya hayayyafa. Wanda zai kare irin wannan wuri dole taswirarsa ta bi ruwan, ba ruwan ne zai bi taswirarsa ba.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin zana taswirar ƙasan teku baki ɗaya mai suna Seabed 2030 a 2017, kashi 6 cikin ɗari ne kacal na ƙasan teku aka auna da kyau, yanzu kuma an ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran wuraren da kuke gani an shafa musu shuɗi a taswira kirdado ne daga tauraron ɗan'adam, wanda yake gane babban dutse a ƙasa ta yadda nauyinsa yake jawo ruwa ya ɗan yi tozo a sama, amma ƙananan duwatsu suna kuɓuce masa. Haɗarin shi ne manhaja ba ta bambanta wurin da babu halitta da wurin da ba a taɓa zuwa an duba ba. Duka biyun fanko take gani, sai ta ce ba sai an kare su ba. Jiragen bincike kuwa na ƙasashe masu kuɗi ne, kuma inda suka fi sha'awa nan suka fi aunawa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce idan aka zo batun haƙar ma'adinai. Tsakanin Hawai da Meziko akwai wani yanki da ake kira Clarion-Clipperton, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 4.5, inda ƙasan teku yake cike da dunƙulen duwatsu masu kamar dankali, ɗauke da ƙarafan da ake yin batir da su. Hukumar kula da ƙasan teku da ke Kingiston ta Jamaika ta ba kamfanoni izinin bincike a can, ta kuma ware wurare 13 da ba za a taɓa ba, tara a 2012, huɗu a 2021. Amma mafi yawan halittun da masu bincike suke ɗebowa daga yankin ba a ma raɗa musu suna ba tukuna. Mu mutanen Zamfara mun san abin da ke biyo bayan haƙa kafin sani, domin ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Shi ya sa ra'ayina shi ne, duk inda taswira ta nuna ba a auna ba, a ɗauke shi a matsayin wurin da za a dakata, ba wurin da aka ba da dama ba.

Ɗan Masunta, Yelwan Yauri

Na gode ƙwarai, Malam da Baba da ƙanwata. Jiya bayan sallar isha'i na karanta wa mahaifina amsoshinku. Bai yi mamakin iyaka mai motsi ba ko kaɗan. Ya ce su ma ba su taɓa sa kalli wuri ɗaya duk shekara ba, domin inda kifi yake lokacin farin ruwa na damina daban yake da inda yake komawa idan baƙin ruwa ya iso daga Gini da Mali cikin hunturu, kuma da launin ruwan da sanyinsa a hannu suke ganewa. Abin da ya tsaya masa a rai maganar Baba ce ta jirgin da babu mai. Sai ya ce in tambaye ku, mu da muke nesa da teku, muna da ta cewa a wannan al'amari, ko kuwa sai dai mu ji a rediyo?

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kebbi

Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa abin da yake ji da hannu shi ne tauraron yake aunawa daga sama. Game da tambayarsa, ruwan da yake su a cikinsa ba a Kainji yake ƙarewa ba. Kogin Kwara yana tafiyar kimanin kilomita 4,180 daga tsaunukan Gini, ya karɓi ruwan Gulbin Rima da ya ratso ta Argungu da Birnin Kebbi, ya zube a Tekun Atilantika. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwanninmu da na gwangwani daga teku suke, kuma Najeriya tana sayo kifi mai yawa daga waje, don haka idan teku ya yi ƙaranci farashin zai iso har Yauri.

Ƙasarmu tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, sannan a 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku. Yarjejeniyar da ka ji, wadda aka amince da ita a watan Yunin 2023, ta cika sharaɗin amincewar ƙasashe 60 a Satumbar 2025. Ta tanadi cewa ƙasashe su gabatar da wurin da suke so a killace tare da hujjojin kimiyya, a nemi yardar kowa, idan hakan ta faskara kashi uku cikin huɗu na masu ƙuri'a su yanke, wanda zai rage irin jinkirin da Baba na Argungu ya ambata a Tekun Ross. Sai dai an ce kada ta taka hurumin hukumomin kamun kifi da suke nan tun da, kuma a ganina nan ne rigimar za ta fi zafi. Akwai kuma sashen da ya wajabta taimaka wa ƙasashe masu tasowa da horo da kayan aiki, kuma wannan sashe shi nake so 'yan majalisarmu da jami'o'inmu su riƙe da kyau, domin ƙasar da ba ta da masu auna mata ruwa za ta zauna a taron ne tana duba taswirar da wani ya zana.

Idan ka samu intanet mai ƙarfi, ka buɗe taswirar Global Fishing Watch, kyauta ce, ka nuna wa Baba gabashin Ajantina a watannin farkon shekara. Zai ga ɗaruruwan jirage sun jeru daidai bakin layin mil 200, suna kamu da dare da fitilu masu hasken da ake gani daga sararin samaniya, ba su shiga ruwan ƙasar ba, ba su kuma yi nisa da shi ba. Daga nan ku matso da taswirar zuwa gaban Legas da Fatakwal ku duba tutocin jiragen da ke wurin. Ni ma ranar Litinin zan buɗe wa ɗalibaina ita a aji, kuma zan so ka dawo ka faɗa mana abin da Baba ya ce da ya gani.